Tsohuwar Da Aka Yanke Daga Hoto

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun safe, wai na tsayar da Keziah a bakin ƙofar kafe na tafi harkar gabana, to ga ta nan ta shiga. Ku gyara zama.

*

Oga Ndubuisi, mai kafen intanet ɗin da ke bayan kasuwar Zuru, bai amsa gaisuwarta ba. Kujera kawai ya ja mata gaban kwamfutar da ta saba zama.

"Zauna, Keziah. Na riga na buɗe miki."

"Lafiya dai, Oga?"

"Ni ban sani ba. Tun da na tada janareta mutum uku suka kira ni daga Legas, kowa ke yake tambaya."



Shekara ɗaya da rabi ke nan tana zama a kujerar nan tana rubuta shafinta, *Filayen Gida*. Takan zaga Zuru da ƙauyuka da 'yar kamararta, ta ɗauko hoton fili ko gidan sayarwa, ta rubuta gaskiyar abin da ta gani: ko akwai rijiya, ko ruwa na kwanciya da damina, ko hanya na shiga. 'Yan ƙasar Zuru da ke nesa su ne masu karatunta, sojoji a barikoki, ma'aikata a Legas da Kaduna. Da ta fara, mutum tara ne ke leƙawa, biyu a ciki ƙannenta ne. A wannan damina ta 2008 sun wuce dubu huɗu, kuma da yawansu ta san har sunayen 'ya'yansu.

Ta dubi allon kwamfutar.

A ƙarƙashin rubutunta na makon jiya, *Gida mai shuɗiyar ƙofa a Ribah ya samu mai shi*, sharhi ya taru har ɗari da tamanin da shida.

Wanda ya tada ƙurar na Saja Solomon ne.

Ta san shi, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba. Soja ne da aka tura aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan. Bai taɓa tambayarta fili ko gida ba. Shi dai tambayarsa, an yi ruwa a gida? Dawa ta kai ina? Saboda shi ta taɓa hawa dutse ta ɗauko hoton gari baki ɗaya. An daɗe ba ta ji ɗuriyarsa ba.

Ta fara karantawa.

*Ƙanwata Keziah, yau muka dawo daga daji bayan wata bakwai. Na roƙi kwamfutar ofis minti goma don in ga gida. Sai na ga gida. Namu. Ni na shafa wa ƙofar nan shuɗin fenti da hannuna kafin in taso. Mangwaron nan babana ya shuka. Uwata Theresa tana cikin gidan nan. Wa ya ba ki shi ki tallata? Duk lokacin da na samu waya na kira ƙanen babana Markus ya haɗa ni da ita, sai ya ce ta tafi gona, ko tana barci, ko tana coci. Na yarda da ke fiye da yadda na yarda da wasu dangina. Don girman Allah ki gaya mini, ina uwata?*

Ta gangara ƙasa.

*Ashe dillaliyar ɓarayi muke bi muna tafa mata.*

*Ki dakatar da maganar filina na Kanya, na fasa.*

*Keziah, ki fito ki yi magana. Shirun nan naki ya fi komai muni.*

*Uwar soja? Mutum na can yana kwana a rami, ku kuna nan kuna sayar da uwarsa?*

"Ya isa," in ji Ndubuisi. "Sauran duk zagi ne."

Ya ja wata kujera ya zauna kusa da ita, ya rage murya.

"Ranar da kika kawo hoton gidan nan, ni na nuna miki yadda ake yanke gefen hoto."

"Na sani."

"Akwai tsohuwa a ciki."

"Na ce na sani, Oga!"

Ta zaro kamarar daga jaka, ta yi ta dannawa har ta iso kan hoton na asali.

Ga shuɗiyar ƙofar. Ga mangwaron. A gefen hagu kuma ga wata tsohuwa cikin baƙin zane, zaune kan kujera 'yar tsugunno, faifan wake a cinyarta, tana kallon kamara kai tsaye.

Ran nan ta tambayi dillalin da ya kai ta gidan, Markus ɗin nan da Solomon ya ambata, wace ce wannan. Ya ce wata 'yar uwa ce da ke jiran gida, ta kusa komawa ƙauye. Ya nuna mata takarda da dangwalen yatsa a ƙasa. Ba ta tambayi yatsan wa ba ne. Wata da watanni masu karatu na damunta ta samo musu gida a Ribah, ga shi ta samu. Baƙin zanen ne ta ga ya ɓata hoton.

Sai ta yanke tsohuwar.

Ta kira lambar Markus. Ta shiga sau ɗaya, aka katse. Ta sake kira. A kashe.

"Wa ya sayi gidan?" Ndubuisi ya tambaya.

"Anti Fadima."

"Wadda take turo miki atamfa daga Legas?"

Keziah ta gyaɗa kai, hawaye ya zubo.

Fadima ce mutum ta farko da ta taɓa rubuta mata sharhi a shafin. 'Yar Ribah ce, mijinta ya rasu a Legas ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Da Keziah ta ce mata ta zo ta ga gidan da idonta, amsa ɗaya ta ba ta: "In ke kika ce yana da kyau, ƙanwata, ba sai na gani ba."

"Jiya ta taso da motar kaya," in ji Keziah. "Yau za a ba ta makulli."

Ta kira Fadima. Ba ta shiga. Ta kira har sau biyar.

Ndubuisi ya goge fuska da tafin hannu.

"Ki saurare ni, ni na girme ki. Ki share shafin nan gaba ɗaya yanzu. Ki tafi Yawuri wajen yayarki wata biyu. Mutanen intanet suna mantuwa da wuri."

"Solomon zai manta?"



Ta jawo kwamfutar gabanta. Sau uku tana rubutu tana gogewa. A ƙarshe ta bar layi biyu, a ƙarƙashin sharhinsa, inda kowa zai gani.

*Saja, ga lambata. Ka kira ni yau ƙarfe goma sha ɗaya agogon gida, zan kasance kusa da Mama.*

"Kin tabbata tana can?"

"Ban tabbata ba. Buga mini saƙonsa a takarda."

*

Ba ta tsaya jiran bas ta cika ba. Ɗan kabu-kabu ta tare a bakin tasha, ta ce masa Ribah, kuma kar ya tsaya wa kowa.

An yi ruwa kwana biyu a jere, hanya duk taɓo. Sau biyu tana sauka ta taka da ƙafa ya tura mashin ɗin. Takalminta ɗaya ya tsinke, ta cire duka biyun ta riƙe a hannu. Addu'a ɗaya take maimaitawa: Ubangiji, ka sa in same ta. Ka sa ba a ɗauke ta ba.

Goma da rabi suka shiga Ribah, suka bi ta bayan injin niƙa.

Ta hango mangwaron.

An fito da kaya ƙarƙashinsa. Tukwane uku, akwatin ƙarfe, turmi, rabin buhun dawa. Tsohuwar na zaune a kan katifar da aka naɗe aka ɗaure da igiya, baƙin zanen nan dai a jikinta.

Keziah ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Mama."

"Lahiya lau, ɗiyata." Ta ƙura mata ido. "Ke ce mai hoto ko? Na gane ki. Ran nan kin ɗauke ni, ba ki kawo mini na gani ba."

Keziah ta kasa ɗaga kai.

"Mama, ina za ki da kaya?"

"Kanya, wurin ƙanwata. Markus ya ce in an ba mai gida makulli zai nemo mini mota."

"Ke kika ce a sayar da gidan?"

"To mi zan yi da ɗaki huɗu ni kaɗai? Wanda aka gina dominsa ba ya nan."

"Solomon?"

Tsohuwar ta ɗago da sauri.

"Kin san shi?"

"Na san shi, Mama."

"Allah sarki. Tare kuka yi makaranta ke nan." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Can Kanya yake kwance kusa da ubansa. Shi ya sa ma na yarda in koma. Ko ba komai na riƙa cire masa ciyawa."



"Kwance, Mama? Kwance yaya?"

"Ba ki ji ba? Wata shida ke nan."

"Wa ya gaya miki?"

"Rediyo ya faɗi an kashe sojojinmu can. Ban ci abinci ba kwana uku. Sai ga Markus da akwatin gawa a bayan mota, an buga masa ƙusa ko'ina. Ya ce wuta ta ci shi, ba a buɗewa. Na ce to ina sojojin da za su harba bindiga sama, kamar yadda aka yi wa ubansa? Ya ce duk suna can, yaƙi bai ƙare ba."

Ƙarar kwaɗo ta sa Keziah ta waiga.

Markus ne ya fito daga gidan ya ja shuɗiyar ƙofar ya kulle. Dogo ne, da furfura a gemu, tarin makullai a hannunsa. Da ya gan ta sai ya tsaya cak.

"Wa ya kira ki nan?"

Ta miƙe. Ƙafafunta duk taɓo.

"Baba Markus, na kira ka, ka katse."

"Ina da aiki. Mi kike so?"

"Solomon ya rubuto mini jiya."



"Wane Solomon?" in ji tsohuwar a hankali.

"Naki, Mama. Yana raye. Yana Sudan. Ga saƙonsa."

Kafin ta gama buɗe takardar Markus ya fizge. Ya duba, ya duba, sai ya fashe da dariya mai ƙarfi.

"Kwamfuta! Theresa, kin san mi ake kira kwamfuta? Akwati ne da kowane ɗan damfara ke shiga ya ce shi wane ne. Gobe ma wani na iya rubutowa ya ce shi ne mijinki."

"Ya ce shi ya shafa wa ƙofar nan fenti."

"Duk Ribah sun san wanga."

"Ya ce duk sanda ya kira ka sai ka ce tana gona."

"Ƙarya ce!"

Mama Theresa ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, kada ki yi mini haka. Na riga na yi kukana, na gama. In kika tada mini shi, ya sake mutuwa, ba zan kai gobe ba."

"Mama, wallahi..."

"Kin gan shi da idonki?"

"A'a."

"Kin ji muryarsa?"

"A'a, amma..."

"To ki bar ni."

Markus ya kama Keziah a gwiwar hannu ya ja ta gefen katanga. Dariyar ta ɓace daga fuskarsa.

"Yarinya, buɗe kunnenki. Wa ya tallata gidan?"

Ta kau da kai.

"Wa ya kawo mai saye? Ke. Wa ya rubuta wa duniya cewa gida ne babu kowa ciki? Ke. Na sa an buɗe mini shafin naki na gani. Tsohuwar nan tana zaune kika ɗauki hoton, amma da ya fito babu ita. Ni na yanke ta?"

"A'a."

"To in magana ta je gaban hukuma, sunanki ne a rubuce, mutum dubu huɗu shaida. Ni sunana ba ya ko'ina. Ki hau mashin ki koma Zuru. Ba ki zo ba, ban gan ki ba."

Ta waiga. Ɗan kabu-kabun na nan tsaye bai tafi ba. Taku goma ne tsakaninsu.

Ta zame hannunta.

Ta koma gaban tsohuwar ta sake durƙusawa. Matan maƙwabta sun fara leƙowa ta kan zana.

"Mama, hoton da na ɗauke ki, abin da ya sa ban kawo miki ba, cire ki na yi daga ciki. Na nuna wa mutane gidanki kamar babu kowa. Ban tambaye ki sunanki ba, ban tambaye ki komai ba. Da na tsaya na yi hira da ke minti biyar, da tun ran nan na gane ke ce uwar Saja Solomon. Laifina ne, ban da abin cewa. Amma ki ba ni zuwa ƙarfe goma sha ɗaya. Zai kira. In bai kira ba, ki tsine mini."

Tsohuwar ba ta kore ta ba.

Keziah ta ciro wayarta. Saura minti takwas. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ta zaga gindin mangwaron da wayar a sama har ta samu inda ya tsaya, kusa da turmi. Nan ta kafe.

Sha ɗaya ta yi.

Shiru.

Sha ɗaya da minti goma.

Hannunta ya gaji, ta sauya ɗaya.

Sai yanzu tunanin ya zo mata. In bai ga amsarta ba fa? Minti goma kawai aka ba shi jiya. In an sake tura su daji da asuba fa? In kuma Markus ne ke da gaskiya, wani ne can yake wasa da sunan mamaci?

Sha ɗaya da ashirin da biyar.

"Ina mamacin naki?" in ji Markus, yana kaɗa makullai. "Ko can ma babu sabis?"

Wata daga matan ta ja tsaki, ba a san da wa take ba.

Mama Theresa ta sunkuyar da kai. Tun ɗazu idonta na kan wayar, ko ƙiftawa ba ta yi. Yanzu ta ɗauke shi. Wannan ya fi wa Keziah zagin mutum ɗari da tamanin ciwo.

Daga bakin hanya aka ji ƙugin babbar mota.

Ta shigo a hankali tana tangaɗi cikin taɓo, an lafta mata gadaje da kujeru da firiji, an rufe da tamfol. Ta tsaya daidai ƙofar gidan. Wata mace mai jiki ta sauko da ƙyar tana gyara mayafi, 'yan mata biyu suka diro bayanta.

Ta dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya kan mai kamara a wuya.

"Keziah? Ke ce? Wayyo ƙanwata, ashe 'yar ƙarama ce ke haka!"

Ta rungume ta da ƙarfi, tana dariya tana hawaye.

"Wayata ta mutu tun a Kontagora. Kwana muka yi a hanya. Ku zo, ku zo ku ga Anti Keziah da nake ba ku labari. Ga shuɗiyar ƙofar! Ga mangwaron! Wallahi yadda kika rubuta, haka yake."

Markus ya matso da sauri, fara'a ta dawo masa.

"Hajiya, sannu da hanya, sannu da gajiya. Ga makullinki, a sauke kaya kafin hadari ya taso."

Fadima ta miƙa hannu.

Keziah ta shiga tsakaninsu.

"Anti, kar ki karɓa."

"Na'am?"

"Don Allah kar ki karɓa. Gidan na da mai shi. Ga ta nan zaune. Ƙarya aka yi mata aka ce ɗanta ya mutu, shi ya sa ta dangwala hannu."

Fadima ta dubi tsohuwar, ta dubi kayan da ke ƙasa, ta dawo kan Keziah. Murmushin ya tsaya a fuskarta bai san inda zai nufa ba.

"Wasa kike yi."

"Da ma wasa ne."

"Keziah, na ajiye aikina. Na mayar wa mai gidan haya makullinsa. Na cire yaran nan daga makaranta. Abin da ubansu ya bari kaf na zuba a gidan nan." Muryarta ta fara hawa. "Na ce miki in zo in gani, ko ke kika ce in zo? Ni na ce ba sai na zo ba! Saboda ke! 'Yan uwana sun ce ina hauka, zan sayi gida a hannun yarinyar da ban taɓa gani ba. Na ce su ba su san ki ba, ni na san ki. Yanzu ina zan kai su? Gaya mini, a cikin motar za mu kwana?"

"Anti, ki yafe..."

"Ba yafiya na tambaye ki ba! Ina zan kai 'ya'yana?"

"Hajiya, rabu da ita," in ji Markus. "Yarinyar ta samu taɓin hankali. Takardunki lahiya lau suke. Yaron ya mutu, gari duk sun je jana'iza. Karɓi..."

Wayar ta yi ƙara.



Doguwar lamba ce, irin wadda Keziah ba ta taɓa gani ba. Yatsanta ya kuskure maɓallin sau biyu kafin ta ɗauka. Ta ƙara muryar wayar yadda kowa zai ji.

Da farko shuuu kawai ake ji, kamar iska a cikin bututu. Can sai murya ta fito daga nesa.

"Keziah? Solomon ne. Layi ake bi a kan wayar, sai yanzu ya zo kaina. Minti uku aka ba ni. Kina kusa da ita?"

Ta ja gwiwoyinta zuwa gaban katifar ta miƙa wayar.

Mama Theresa ta cusa hannuwanta cikin zane. Ta ƙi karɓa.

"Mama?" in ji muryar. "Mama, kina ji na?"

Ya sauya zuwa C'lela, yarensu, ya kira ta yadda yake kiranta tun yana ƙarami.

Leɓunan tsohuwar suka fara motsi babu sauti. Da ƙyar maganar ta fito.

"In kai ne... mi na ce maka a tasha ranar da za ka tahi?"

Shuuu.



"Ba ki ce komai ba, Mama. Ai ba ki je tasha ba. Kin ɓuya a bayan rumbu kina kuka, kina tsammanin ban gan ki ba."

Ƙarar da ta fito daga bakin Mama Theresa, har masu injin niƙa sai da suka kashe inji. Ta damƙe wayar da hannu biyu ta manna a ƙirjinta, ta ɗago ta kai baki, ta sake mayarwa ƙirji.

"Solomon! Solomon ɗana! Kai ne? Kana cin abinci? Wuta ba ta ci ka ba?"

"Wace wuta, Mama? Lafiyata ƙalau. Me ya sa kike kuka haka? Me aka yi miki? Ina Baba Markus? Mama, ki ba..."

Ƙit.

Layin ya yanke.

Matan maƙwabta sun riga sun ture zanar sun shigo, wata na tsalle tana kiran Yesu, wata ta ɗora hannu a ka. Fadima ta jawo 'ya'yanta jikinta, bakinta a buɗe.

Markus ya fara ja da baya. Makullan suka zame daga hannunsa suka faɗa cikin taɓo.

Mama Theresa ta miƙa wa Keziah wayar. Ta share fuska da bakin zane. Ta dafa turmi ta miƙe tsaye, ba tare da kowa ya taimake ta ba. Kukan ya tsaya cak.

"Markus."

Ya tsaya.

"Akwatin nan da ka kawo, ba fanko ba ne. Maza shida suka ɗauke shi suna nishi. Da aka sauke shi a Kanya, duk wanda ke wurin sai da ya toshe hanci. Ni kaɗai ban toshe ba, don ina cewa warin ɗana ne."

Ta taka zuwa gabansa.

"Gawar wa ka kawo mini na binne kusa da mijina?"

Markus ya dubi hanya. Direban motar kayan da ɗan kabu-kabun sun riga sun tare ta.

Markus ya zube cikin taɓo.

"Theresa," ya ce, muryarsa ta koma kamar ba tasa ba, "ki sallami mutanen nan tukuna. Wanda ke cikin akwatin, kin san shi."